Zaɓen harsashin da ba dalma da ɗura shi da hannu don farautar barewa

A Tawa da ƙauyukan Adar, maharbin gargajiya bai san wata ƙwayar bindiga ba sai ta dalma, ko kuwa guntun ƙarfen da maƙeri ya sare masa. Amma ƴan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai Amurka, Kanada, Faransa ko Jamus, waɗanda wasunsu suka yanki lasisin farauta suna shiga daji idan lokacin barewa ya kama, sun tarar cewa a wurare da dama doka ta hana a harbi dabba da harsashin dalma, a wasu wuraren kuma mai dajin ne da kansa ke gindaya wannan sharaɗi. Wannan bayani, kan ƙwayar tagulla da ke maye gurbin ta dalma da kuma ɗuri, wato haɗa harsashi da hannu a gida, nasu ne da farko, sannan na duk maharbin gida da ke riƙe da bindiga mai dogon zango bisa izinin hukuma. Barewar da ake nufi a nan ba irin tamu ta Sahel ba ce, mai ƙaho mai rassa ce ta ƙasashen sanyi, tun daga ƙaramar ta Turai da ba ta cika wuce kilo 30 ba, da mai farar wutsiya ta Amurka, har zuwa jar barewa wadda namijinta kan haura kilo 150.

Kafin a taɓa kwanso, wato ɓawon ƙarfen harsashi da ake ɗura wa albarushi da ƙwaya, ko albarushin kansa, sai an san matsayin doka. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji, kuma izinin farauta daban yake da izinin riƙe bindiga. Bareyin hamada da suka kusa ƙarewa, irin waɗanda suka rage a Termit, ba a taɓa su ko da wane irin harsashi ne, haka ma duk dabbar da ke cikin gandun W ko na Gadabeji. A halin tsaron da ƙasa ke ciki, mutumin da aka samu da albarushi da tarin kwanso a gidansa ba tare da takarda ba ya jawo wa kansa da iyalinsa bala'i, saboda haka a gida ba na ba kowa shawarar ya fara ɗuri sai yana riƙe da rubutaccen izini. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa kafin a sami izinin sayen albarushi, bisa sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa. A yawancin jihohin Amurka kuwa mutum na iya ɗura wa kansa ba lasisi, amma sayar wa wani yana buƙatar lasisin gwamnatin tarayya.

Dalilin barin dalma

Harsashin farauta na yau da kullum dalma ce a ciki, an yi mata siririyar riga ta tagulla. Idan ya shiga jikin dabba da gudun da ya haura mita 800 a sakan, rigar takan tsage, dalmar ta farfashe, har ƙwayar ta rasa kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ko fiye, kuma abin da ta rasa ɗin yana nan cikin nama da kayan ciki a matsayin ɓarɓashin da ido ba ya gani, haƙori ma ba ya ji. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta gwada harsasai iri-iri a kan gawarwakin tumaki ta ɗauki hotonsu na asibiti, ta sami ɓarɓashin dalma har kusan santimita 45 daga hanyar da ƙwaya ta bi, ta kuma gano cewa wanke cikin dabbar da ruwa yana ƙara watsa shi zuwa inda da babu. A wannan shekarar ce kuma aka janye niƙaƙƙen naman barewa da maharba suka ba da sadaka ga mabuƙata a North Dakota, bayan an sami dalma a cikinsa.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gubar dalma, domin a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Abin da ke cikin naman farauta bai kai ko kusa da wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira mara illa, musamman ga ƙananan yara da mata masu juna biyu. Gidan maharbi kuwa shi ne gidan da ake cin wannan nama mako bayan mako.

Tsuntsaye masu cin mushe su ne suka fara tona asirin lamarin, tunda su ke cinye kayan cikin da maharbi ya bari a daji. Babbar ungulun Kalifoniya ta ragu har saura 22 a 1982, dalma kuma na cikin manyan abubuwan da ke kashe ta, shi ya sa jihar ta hana harsashin dalma a yankin tsuntsun daga 2008, sannan ta hana shi a kowace irin farauta a faɗin jihar daga 1 ga Yuli 2019. Tsibirin Hokkaido na Japan ya riga ta, tun 2000, saboda gaggafar teku da ke mutuwa bayan cin ragowar barewa. Denmark ta hana shi a bindigogin farauta masu dogon zango daga 1 ga Afrilu 2024. Mu da muka ga yadda ungulu ta yi ƙaranci a mahautan garuruwanmu cikin shekarun nan, bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba, ko da yake dalilan raguwarta a nan suna da yawa.

Halin tagulla

Abin da ya kamata maharbi ya riƙe a ransa shi ne ƙwayar tagulla ba ƙwayar dalma ba ce da aka sauya wa ƙarfe, halinta daban ne, kuma duk zaɓin da zai yi daga wannan bambancin yake fitowa. Dunƙulen dalma mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana da nauyin giram 11.3, na tagulla kuwa bai kai giram 9 cikakke ba, don haka idan ƙwayoyi biyu suna da kauri ɗaya da nauyi ɗaya, ta tagulla ce za ta fi tsawo. Tagulla ta kuma fi dalma tauri nesa ba kusa ba, ba ta lotsewa da sauƙi. Abin da ke buɗe ta shi ne ramin da aka huda a hancinta, wanda ruwan jikin dabba ke shiga da ƙarfi ya tsaga hancin gida huɗu ko shida, ya naɗe su baya kamar ɓawon ayaba. Wannan buɗewa tana buƙatar gudu. Yawancin ƙwayoyin tagulla suna son su isa jikin dabba da gudun da bai gaza mita 550 zuwa 600 a sakan ba, kuma ni na fi natsuwa da 600 zuwa sama, domin ƙasa da haka ƙwayar na iya ratsa dabbar ta bar ɗan siririn rami, dabbar ta gudu ta je ta mutu inda ba za a same ta ba. Idan kuwa ta buɗe yadda ya kamata, takan riƙe kashi 95 cikin ɗari na nauyinta ko fiye, ta karya ƙashi ta fita ta ɗaya gefen.

Akwai manyan iri uku a kasuwa. Na farko tagulla ce zalla, kuma kamfanin Barnes na jihar Utah ne ya buɗe wannan hanya da ƙwayarsa ta X a 1989, wadda ta yi suna wajen barin tagulla a cikin bututu, har sai da aka fito da TSX a 2003 mai tsagi-tsagi a jikinta da ke rage gogayya da matsi, daga baya kuma TTSX mai ɗan hancin roba da ke taimaka mata buɗewa. Lapua Naturalis ta Finland da RWS HIT ta Jamus suna cikin wannan gida. Na biyu gauraye ne na tagulla kashi 95 da tutiya kashi 5, irin Hornady CX da Nosler E-Tip. Na uku kuwa an yi shi ne don ya farfashe da gangan, irin RWS Evolution Green mai cikin kuza, wanda gabansa ke tarwatsewa gindinsa ya wuce. Wannan na ƙarshe yana saurin kayar da ƙaramar barewa amma yana ɓata nama, saboda haka mai farauta don tukunya ya fi dacewa da na farko ko na biyu, kuma cikin su ya ɗauki mai hancin roba idan zai yi harbi daga nesa.

Zaɓen nauyi

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya nemi nauyin da ya saba da shi a dalma. Abin yi shi ne a sauka mataki ɗaya ko biyu. Ana auna ƙwaya da giren, giren ɗaya kuwa giram 0.065 ne. Sunaye irin .308 Winchester kuma suna nuna irin harsashin da bindiga ke ɗauka ne. Mai bindigar .308 Winchester da ya saba da giren 165 ko 180 sai ya koma 130 ko 150, mai .30-06 ya koma 150 ko 165, mai 6.5 Creedmoor ya bar 140 ya ɗauki 120, mai .243 Winchester kuma ya bar 100 ya ɗauki 80 ko 85. Ba a yi asarar komai ba, domin ƙwayar dalma mai giren 180 da ta zubar da sulusinta a hanya ta koma 120 ke nan, alhali ta tagulla mai 130 tana nan kusan yadda ta fita. Ribar kuwa gudu ne, tunda a .308 ƙwaya mai giren 130 tana barin bakin bindiga da fiye da mita 900 a sakan, mai 168 kuwa da kaɗan ta haura 800, kuma wannan tazara ita ce ke ƙara nisan da ƙwayar za ta iya buɗewa. Hukumomi ma sun gane haka, shi ya sa Scotland ta sauke mafi ƙarancin nauyin ƙwayar harbin manyan bareyi daga giren 100 zuwa 80 a 2023.

Dalili na biyu na sauka yana cikin bututu. Tsagin da ke murɗe a cikinsa shi ne ke sa ƙwaya juyawa don ta tafi hancinta a gaba, kuma tsawon ƙwaya ne, ba nauyinta ba, ke ƙayyade irin murɗin da take buƙata. Ana faɗin murɗi da yawan incin da ƙwaya ke tafiya kafin ta kammala juyi ɗaya. Yawancin bindigogin .243 suna da juyi ɗaya a inci 10, wasu .308 suna da ɗaya a inci 12, 6.5 Creedmoor kuwa ɗaya a inci 8 ne, shi ya sa take ɗaukar dogayen ƙwayoyi ba matsala. Kamfanoni kan rubuta murɗin da kowace ƙwaya ke buƙata a jikin kwali ko a shafinsu. Wanda bai san na bindigarsa ba sai ya sa tsumma mai ɗan tauri a sandar goge bututu, ya yi wa sandar alama, ya tura ta a hankali har alamar ta zagayo, ya auna tsawon da ta shiga. Idan ramin da ƙwaya ta bari a takardar saiti ya fito a karkace maimakon zagaye, ƙwayar ta fi ƙarfin murɗin, kuma babu wani gyaran albarushi da zai magance wannan.

A duba dokar wurin farautar ma, domin Jamus alal misali tana buƙatar ƙarfin bugun ƙwaya ya kai awon jul 1000 a nisan mita 100 ga ƙaramar barewa, ga manyan kuwa jul 2000 da kaurin da bai gaza milimita 6.5 ba. Gajeren bututu kuma yana cin gudu, wajen mita 6 zuwa 9 a sakan ga kowane incin da aka rage.

Ina ba da shawarar a fara da harsashin kamfani kwali biyu ko uku na iri daban-daban kafin a shiga ɗuri, bayan an wanke bututu sosai da maganin cire tagulla, domin ragowar rigar tsofaffin harsasai kan ɓata saitin sababbi. Idan ɗaya daga cikinsu ya tara harbi uku zuwa biyar cikin santimita 3 ko 4 a nisan mita 100, buƙatar farauta ta biya, tunda wurin da ake nema a ƙirjin barewa ya kai faɗin santimita 20. Ɗuri na wanda bindigarsa ta ƙi duk abin da ke kanti ne, ko mai bindigar da harsashinta ke wuyar samu, ko mai yawan atisaye da tsadar harsashin tagulla ta dame shi.

Ɗurin kansa

Ba zan rubuta awon albarushi ko ɗaya a nan ba, kuma duk awon da aka gani a dandalin sada zumunta ko aka ji a bakin aboki a bar shi inda aka gan shi. Awo yana fitowa ne daga littafin kamfanin da ya yi ƙwayar ko wanda ya yi albarushin, irin Barnes, Hornady, Nosler, Hodgdon ko Vihtavuori, waɗanda suka gwada da na'urar auna matsi. Matsin da ake magana a kai ba na wasa ba ne, domin iyakar da hukumar CIP, mai tsara gwajin bindigogi da harsasai a ƙasashen Turai da dama, ta sa wa .308 Winchester bar 4150 ce, wato fiye da nauyin tan 4 a kan kowane murabba'in santimita, kuma wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Awon ƙwayar dalma mai nauyi ɗaya ba ya aiki ga ta tagulla, saboda tsawonta yana cinye wurin albarushi a cikin kwanso, taurinta kuma yana sa ta yi wa tsagin bututu gardama. Ko tsakanin tagulla da tagulla, mai tsagi a jiki da mai sumul ba awonsu ɗaya ba.

Kayan aikin su ne injin matsawa na hannu, da ƙarafa biyu da ake ɗaura masa, ɗaya na mayar da kwanso girmansa ɗaya na zaunar da ƙwaya, sai sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giren tare da duwatsun gwajinsa, da ma'aunin tsawo mai baki biyu, da abin rage tsawon kwanso, da mazurari, da tabarau na kare ido. Na'urar auna gudun harsashi ba dole ba ce ga mai ɗurin dalma, amma ga mai tagulla ina ganin ta zama dole, tunda aikin ƙwayar gaba ɗaya a kan gudu ya rataya.

A fara da kwanso na kamfani ɗaya, sabo ko wanda aka harba sau ɗaya a bindigar mutum. Kwanson soja ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, yana ɗaga matsi, ban da cewa tsintarsa a ƙasa irin tamu neman fitina ne. A duba kowane ɗaya a yar da mai tsagewar wuya da mai zobe mai haske kusa da gindi, wanda alama ce ta cewa ya kusa rabewa biyu, kuma ana iya tabbatarwa da ɗan lanƙwasasshen waya da za a shafa bangon ciki da shi a ji ko akwai kwari. A shafa mai kaɗan, a matse kwanson gaba ɗayansa yadda sakatar bindiga za ta rufu ba tilas, sannan a goge man tas. Kwanso yana ƙara tsawo da kowane harbi, na .308 kuma bai kamata ya wuce milimita 51.18 ba, domin idan ya wuce bakinsa zai shaƙe ƙwaya a maƙogwaron bututu matsi ya hau. Bayan an rage shi a kankare bakin ciki da waje don kada ya karce ƙwayar.

Ƙyastun da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke bugawa wuta ta tashi, a sa irin wanda littafi ya ambata, a zaunar da shi ya ɗan nutse ƙasa da gindin yadda yatsa zai ji. A san cewa yawancin ƙyastu na ɗauke da sinadarin dalma, don haka ko mai ɗurin tagulla sai ya wanke hannu kafin ya ci abinci, kuma kada yara su kusanci ƙurar wanke kwanso.

Wajen albarushi ne ake rasa ido da yatsu. Gwangwani ɗaya kaɗai ake ajiyewa a kan tebur, a karanta sunansa sau biyu, domin akwai H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350, lamba ɗaya amma ba abu ɗaya ba. Albarushin ƙaramar bindigar hannu idan ya shiga kwanson babba yakan tarwatsa ta. Haka nan albarushin zamani ba ya shiga bindigar gargajiya ta maƙera ko da ƙwaya kaɗan ce, kuma wanda aka zazzage daga harsashin da ba a san asalinsa ba ba shi da wani amfani. A fara daga awon farko na littafi, a ɗura uku-uku ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin ɗari a kowane mataki, ba tare da an haura iyakar littafin ba. A auna kowane ɗuri a sikeli, sannan a haska tocila cikin jerin kwanson a tabbatar duk sun cika daidai kafin a ɗora ƙwaya. Ba a yin wannan aiki ana hira ko ana amsa waya, kuma a busasshen lokacin hunturu, da jiki ke tara wutar da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, a guji kwanon roba da tufafin leda.

Zurfin zaman ƙwaya shi ne wurin da tagulla ta fi saɓa wa abin da masu ɗurin dalma suka saba. Su sukan matso da ƙwaya dab da inda tsagin bututu ya fara, ita kuwa tagulla tana son a ba ta fili ta ɗan yi tsalle kafin ta kama tsagin, in ba haka ba matsi ya tashi farat ɗaya. Barnes na ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050, wato milimita 1.27, sannan a gwada tsakanin inci 0.030 da 0.070, kuma bindigogi da yawa sun fi saiti da tazarar da ta fi haka. A tuna cewa ƙara tura ƙwaya ciki yana rage wurin albarushi, don haka kada a sauka ƙasa da tsawon da littafi ya yi gwaji da shi sai an koma awon farko. Harsashin kuma dole ya shiga gidan harsasai ya fito ba cijewa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, albarushi tukuna, zurfi daga baya.

A filin gwaji a fara da mafi ƙarancin awo, ana duba kowane kwanso bayan harbi. Sakatar da ta yi nauyin ɗagawa, da tabo mai sheƙi a gindin kwanso, da ƙyastun da ya baje ya cika raminsa ko ya huje, da gudun da ya haura na littafi, kowane ɗaya cikinsu ya isa a tsaya a koma baya, sauran harsasan da suka fi shi awo kuma a warware su a gida. Waɗannan alamu sukan bayyana ne bayan an riga an wuce iyaka, shi ya sa gudu ya fi su gaskiya. Idan harbi ya yi ƙara mai rauni, a cire sakata a leƙa bututu kafin a sake sa wani, domin ƙwaya na iya maƙalewa a ciki. Idan kuma aka ja kunama bai tashi ba, a bar bakin bindiga yana kallon gaba na minti ɗaya kafin a buɗe.

Zafi yana ƙara wa albarushi ƙarfi, wannan kuwa ya shafe mu fiye da mutanen da suka rubuta littattafan. Ɗurin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu zai iya cije sakata a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, balle harsashin da ya wuni a cikin mota a rana. Wanda ya yi gwaji da rani a Amurka kuma zai yi farauta cikin ƙanƙarar Nuwamba, shi gudu ne zai ragu masa. Akwai albarushin da aka yi don jure sauyin yanayi, irin Varget da H4350, amma duk da haka a tsaya ƙasa da iyaka, a kuma sake gwaji a yanayin da za a yi farautar. A ajiye albarushi cikin gwangwaninsa na asali a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da ƙyastu, ba a ɗakin kwano ba, kuma wanda ya fara wari mai yaji ko ya fitar da jar ƙura ya lalace.

Da an sami ɗurin da ke saiti, a rubuta komai a jikin kwalin: ƙwaya, albarushi da awonsa, ƙyastu, kwanso, tsawo, gudu da ranar ɗuri. Daga gudun da aka auna sai a duba jadawalin kamfanin a ga nisan da zai sauka zuwa mita 600 a sakan, wannan nisan shi ne iyakar harbin mutum da wannan harsashi, ko da hannunsa na iya fin haka. Mai son ya gani da idonsa sai ya jera jarkokin roba shida ko bakwai cike da ruwa a nisan da yake yawan harbi, da tudun ƙasa a bayansu, ya harba ya tsinci ƙwayar ya ga yadda ta buɗe.

A daji

Tunda ƙwayar tagulla ba ta watsa ɓarɓashi, ramin da take yi ya fi na dalma tsukewa, kuma barewar da aka sama a bayan haƙarƙari na iya gudun mita 50 ko fiye kafin ta faɗi. A matsa saiti gaba kaɗan, a bi layin ƙafar gaba zuwa sulusin ƙirji na ƙasa, inda ƙwaya za ta sami zuciya da huhu biyu, idan ta haɗa da ƙashin kafaɗa ma ya fi, domin ba ta ɓata nama kamar dalma. Kusan kullum tana fita ta ɗaya gefen da sauran ƙarfinta, wanda ke ba da jinin bin sawu, amma yana wajabta wa maharbi ya san abin da ke bayan dabbar kafin ya ja kunama. Musulmi ya yi bisimilla lokacin harbi, idan kuma ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta.

Wajen fiɗa a yanke naman da ya ɓaci a kewayen rami, a lura ko wani ɓallen tagulla ya karye ya tsaya a ciki, don yana iya fasa haƙori ko injin niƙa. Idan kuwa wani ne ya kawo kyautar naman da aka harba da dalma, a yanke da faɗi sosai a kewayen hanyar ƙwayar a zubar inda kare da ungulu ba za su kai ba, kada a niƙa abin da ke kusa da wurin, kada a dafa shi da ruwan tsami irin binigar ko tsamiya, domin tsami na narkar da dalma ya sauƙaƙa wa jiki shanta, kuma a ba yara da mai ciki wani naman daban.